Sista Ruth Pfau da yaƙin kuturta a Pakistan

A shekarar 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Pakistan cikin ƙasashen Asiya na farko da suka shawo kan cutar kuturta. Abin da mamaki, domin ƙasar ba ta yi suna wajen kula da lafiyar talaka ba. Har yau ita da maƙwabciyarta Afganistan ne kaɗai ƙwayar shan inna ta asali ba ta bari ba. To yaya aka yi ƙasar da ta kasa gamawa da cutar da ɗigon magani a baki ke hanawa, ta iya durƙusar da wadda maganinta ke cin watanni, a da ma shekaru, wadda kuma masu ita ke ɓoyewa don kunya? Duk wanda ya bi sawun amsar zai yi ta cin karo da suna ɗaya: Dokta Ruth Pfau, Bajamushiya, likita, kuma sista a ɗarikar Katolika, wato macen da ta bar aure ta ba da rayuwarta ga hidimar addini, wadda ta sauka Karachi a 1960 ta zauna shekara 57, har rai ya yi halinsa.

Jaridu sun saba kiranta Mother Teresa ta Pakistan. A ganina wannan laƙabi ya rage mata daraja maimakon ya ƙara. Gidajen Mother Teresa a Kalkata an san su da karɓar wanda ke bakin mutuwa don ya cika cikin mutunci, har wasu likitoci suka soki ƙarancin kulawar asibiti da ake bayarwa a cikinsu. Ruth Pfau kuwa warkarwa ta sa a gaba, kuma ta gane da wuri cewa hannayenta biyu ba za su warkar da ƙasa guda ba. Abin da ta bari shi ne ma'aikata, da rajista, da kasafin kuɗi, da yarjejeniya da gwamnatocin larduna. Ba abin da ke sa mai karatu hawaye ba ne, amma shi ya yi aikin.

An haife ta a Leipzig ranar 9 ga Satumba, 1929. Tana budurwa bama-baman yaƙin duniya na biyu suka rushe gidansu, bayan yaƙi kuma ƙaninta jariri ya rasu a lokacin da magani ya yi wuya a garin. A 1948 ta tsallake daga yankin da Tarayyar Sobiyet ke riƙe da shi zuwa Jamus ta Yamma, ta yi karatun likita a jami'o'in Mainz da Marburg. Ba a gidan masu tsananin addini ta tashi ba. Sai da ta girma aka yi mata baftisma a cocin Furotesta a 1951, ta koma Katolika a 1953, sannan a 1957 ta shiga ƙungiyar sistoci ta 'Ya'yan Zuciyar Maryamu. An kafa wannan ƙungiya a Faransa a zamanin juyin juya hali, lokacin da shigar sistoci ke iya jawo wa mace kurkuku, shi ya sa 'yan ƙungiyar ba su da tufafi na musamman kuma ba sa kulle kansu a gidan ibada. Wannan ya yi mata rana daga baya: a ƙauyukan Pakistan riga da wando da mayafi irin na matan ƙasar take sawa, babu abin da ke shelar cewa ga 'yar mishan ta zo.

Indiya aka tura ta. Matsalar biza ce ta tsayar da ita a Karachi.

Unguwar bayan tasha

Sistocin ƙungiyarta sun riga ta fara aikin. Tun 1956 wata sista 'yar Meziko mai ilimin haɗa magunguna, Berenice Vargas, da 'yan uwanta suka buɗe ɗan ɗakin shan magani a unguwar kutare da ke bayan titin McLeod, kusa da tashar jirgin ƙasa, titin da yanzu ake kira I. I. Chundrigar, inda manyan bankunan ƙasar suke. Suka sa masa sunan Marie Adelaide, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ɗakin da katakon akwatuna aka haɗa shi, ba ruwa ba lantarki, in damina ta sauka ruwan kwata ya malale unguwar. Mazauna wurin mabarata ne da suka taru daga sassan ƙasar, wasu har daga Afganistan. Ruth Pfau ta sha ba da labarin wani saurayi, sa'anta, da ta gani yana rarrafe da hannu da ƙafa cikin ƙazanta zuwa ɗakin maganin. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai ba rarrafen ba ne, yadda shi da masu kallonsa suka ɗauki abin ba komai ba ne.

Daga nan ta bar zancen Indiya, in ban da zuwan da ta yi Vellore a 1961 don koyon aikin kuturta. A can ne likitan tiyata Paul Brand ya yi shekaru yana nuna wa duniya abin da ya sauya fahimtar cutar baki ɗaya, kuma sai an fahimci wannan kafin a gane dalilin da ya sa ta gina aikinta yadda ta gina shi.

Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan Norway, Armauer Hansen, ya gano a 1873. Ba gado ba ce, ba kuma cin wani abinci ke jawo ta ba. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon majina da yawu daga wanda bai fara shan magani ba, bayan doguwar cuɗanya, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu na kashe ƙwayar ba tare da sun sani ba. Wanda ta kama kan yi kimanin shekara biyar, wani har ashirin, kafin alama ta fito. Alamar farko ba ta da ban tsoro: wani tabo a fata da ya ɗan yi haske ko ja, wanda in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Daga nan ƙwayar ke cin jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska. Yatsu ba faɗuwa suke yi ba kamar yadda ake zato. Mutum ne ke daina jin zafi, sai ya sauke tukunya daga wuta ya ƙone bai sani ba, ya taka ƙaya ya wuni yana tafiya a kanta, gyambo ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye a hankali. A unguwar bayan tasha har ɓeraye kan ci yatsun mutane suna barci. Wanda jijiyar fatar idonsa ta mutu kuma ya daina ƙiftawa, ido ya bushe, makanta ta biyo baya.

Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Ke nan likitan da ya zauna a asibiti yana jiran kuturu ya zo da kansa, zai riƙa samun mutane ne bayan ɓarna ta gama faruwa. Dole a je a nemo mai tabon tun bai san yana da shi ba, a duba mutanen gidansa, a tabbata ya sha maganin har ƙarshe. A wancan zamani maganin ɗaya ne, dapsone, kuma ana shan sa shekara da shekaru, wasu har ƙarshen rayuwa. A nan Najeriya na da hannu a labarin: a asibitin kutare na Uzuakoli, a jihar Abiya ta yanzu, John Lowe ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar dapsone a ƙaramin awo ba tare da ya yi illa ba, a can ne kuma Stanley Browne ya gwada clofazimine a kan kuturta a farkon shekarun 1960.

A 1963, da tallafin ƙungiyar agaji ta Misereor ta cocin Katolika a Jamus, aka sayi ginin asibiti a Saddar, tsakiyar birnin Karachi, aka kwashe marasa lafiya zuwa can, duk da maƙwabta ba su so ba. Ƙungiyar DAHW mai yaƙi da kuturta, wadda ke Würzburg, ta riƙa ɗaukar babban kaso na kuɗin aikin shekaru da dama. Wata likitar fata Musulma daga gidan masu hali a Karachi, Dokta Zarina Fazelbhoy, ta shigo aikin, kuma shigowarta ta buɗe ƙofofin da baƙuwa Kirista ba za ta iya buɗewa ba. Sanya asibitin kutare a tsakiyar kasuwa maimakon bayan gari shi kansa magana ce. Karachi dama tana da nata zangon kutare a Manghopir, wurin da ke da kabarin waliyyi da maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda mutane suka daɗe suna zuwa wanka da fatan samun sauƙi, wasu kuma danginsu su baro su a can.

Ma'aikatan da ba likitoci ba

A 1965 ta fara abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan duk nasarar: makarantar horar da ma'aikatan kuturta. Likitocin ƙasar ba su da yawa, kuma kaɗan ne cikinsu ke son aikin da ba kuɗi sai ƙyama. Sai ta koma ga samarin da suka gama sakandare, cikinsu har da waɗanda suka warke daga cutar da 'ya'yan marasa lafiya. Aka koya musu abu ƙalilan amma aka koya musu da kyau: gane tabo, gwada ji a fata, laluben jijiyar da ta kumbura a gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa, ɗebo ɗan ruwan fata daga kunne a duba a madubin likita, wanke gyambo, da cika rajista. In mai shan magani bai zo ranar da ya kamata ba, ma'aikaci ya hau babur ko ya taka da ƙafa ya je gidansa.

Wanda ya taɓa cutar ya san ƙaryar da mara lafiya ke yi da dalilin da ya sa yake yin ta. Ya san mai shayi zai rasa masu saye in aka ji, ya san yarinya za ta rasa miji, ya san matar aure na iya karɓar takardar saki. Saboda haka ya san ba a tsayar da motar asibiti a ƙofar gidan mutum. Kuma ganin tsohon kuturu sanye da farar riga, yana karɓar albashi, yana da mata da 'ya'ya, ya fi kowace lacca shiga kunnen jama'a.

Mataki na biyu shi ne wanda ƙungiyoyin agaji da yawa ke gudu: ta rungumi gwamnati. Maimakon ta bubbuɗe asibitocin mishan, sai ta nemi gwamnatocin larduna su ɗauki waɗannan ma'aikata aiki, su ba su ɗaki a asibitocin gwamnati, su biya su albashi, ita kuma cibiyarta ta riƙe horarwa da sa ido da kai magani da motoci. Daga ƙarshen shekarun 1960 tsarin ya fara bazuwa zuwa Sindh, Balochistan, lardin arewa maso yamma da yanzu ake kira Khyber Pakhtunkhwa, ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, da Gilgit-Baltistan. A 1979 gwamnatin tarayya ta naɗa ta mai ba da shawara kan kuturta. Cibiyoyin sun kai 157, mutanen da aka yi wa magani kuma sun haura 50,000. Ba ita kaɗai ta rufe ƙasar ba: lardin Punjab, wanda ya fi kowanne yawan jama'a, asibitin kuturta na Rawalpindi ne ya riƙe shi, inda wasu sistoci Jamusawa 'yan Furotesta suka yi aiki, cikinsu har da Dokta Chris Schmotzer. Masu yabo kan manta da su.

Aiki da gwamnati yana da tsadarsa. Wanda ya naɗa ta a 1979 mulkin soja ne na Janar Zia ul-Haq, a shekarar da aka rataye tsohon firaminista Zulfikar Ali Bhutto, kuma a zamanin wannan mulki ne aka tsaurara dokokin da suka jefa tsirarun addinai cikin fargaba, har da Kiristocin da take sallar Lahadi tare da su. Ta karɓi muƙamin, ta karɓi lambobin yabo, a 1988 kuma aka ba ta takardar zama 'yar ƙasa. Mai son suka zai ce ta ara wa mulkin danniya kyakkyawar fuska. Ni dai na kasa ganin wata hanyar da za ta kai magani ƙauyukan Balochistan ba tare da sa hannun mai mulki ba, ko wane ne shi. Amma ba daidai ba ne a ba da labarinta kamar ba ta taɓa zama teburi ɗaya da masu bindiga ba.

Shekarunta na ƙarfi a kan hanya ta ƙarar da su, cikin jif inda mota ke zuwa, a ƙafa ko a kan doki inda ba ta zuwa. A wasu ƙauyukan duwatsu tawagarta ta tarar da marasa lafiya da danginsu suka keɓe a kogo ko a ɗakin dabbobi, ana miƙa musu abinci daga nesa. Kasancewarta mace ya zama makami. A wuraren da ake tsananta kulle, namiji ba zai ce wa matar wani ta buɗe bayanta ya duba tabo ba, ita kuwa sai ta shige cikin gida. A shekarun 1980, lokacin da sojojin Sobiyet ke Afganistan, ta tsallaka iyaka a ɓoye zuwa tsakiyar ƙasar don kafa irin wannan aiki, domin marasa lafiya da yawa daga can suke gangarowa Karachi.

Sa'a ma ta taimaka. Ana cikin fargabar dapsone ya fara daina aiki saboda ƙwayar ta saba da shi, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magunguna: rifampicin, dapsone da clofazimine. Magani ya dawo wata shida ga mai ƙaramar cuta, mai babba kuma da farko shekara biyu, daga baya aka rage zuwa wata goma sha biyu. Daga 1995 aka fara raba shi kyauta a duk duniya, da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, sannan kamfanin Novartis ya karɓa daga 2000. Kowace ƙasa ta sami wannan magani. Bambancin Pakistan shi ne ya tarar da ma'aikata da rajista da hanyoyi suna jiransa tun shekara goma sha biyar da suka wuce. Masu karɓar magani suka sauko daga sama da 19,000 a farkon shekarun 1980 zuwa 531 a 2016.

Zancen addini

Ba a tsallake wannan tambaya, domin ita ce ta farko da Musulmi mai karatu zai yi: ba wa'azi ta je yi da sunan magani ba? Tarihin asibitocin mishan a wurare da yawa ya ba mutane dalilin yin wannan zargi, kuma zangon kutare na daga wuraren da aka fi samun masu sauya addini, tunda wanda danginsa suka yar ba shi da wanda ya fi mai wanke masa gyambo. Abin da za a iya dubawa a aikin Ruth Pfau shi ne sakamako. Mafi yawan ma'aikatanta Musulmi ne, marasa lafiyarta ma haka, ta yi shekara 57 a ƙasar da zargin taɓa addini ke iya cin ran mutum, kuma ta ci gaba da shiga ƙauyukan da suka fi ko'ina riƙo da addini ana yi mata shimfiɗa. Ba ta ɓoye cewa imaninta ne ya kawo ta ba, ta rubuta littattafai da Jamusanci tana faɗin haka, har da lokutan da shakka ta dame ta. Amma ba ta mayar da magani ƙugiya ba, kuma da ta yi haka da tsarin da ya dogara da ma'aikatan gwamnati Musulmi bai kai ko'ina ba.

Bayan an ce an ci nasara

Shawo kan kuturta a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ya nufin cutar ta ƙare. Yana nufin masu karɓar magani sun gaza mutum ɗaya cikin kowane 10,000. A ƙasa mai mutane sama da miliyan ɗari, wannan na iya barin dubbai. Kuma sanarwar nasara tana da illa: masu ba da tallafi su juya wani wuri, gwamnati ta fara tambayar amfanin biyan ma'aikacin da ke ganin mara lafiya biyu a shekara. Najeriya ta kai wannan ma'auni a 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu cutar sama da dubu kowace shekara, kuma daga 2024 zuwa farkon 2025 ƙasar ta yi kusan shekara guda maganin bai shigo ba saboda tsaikon takardun gwaji.

Ruth Pfau ta hango wannan rami. Maganin da ta yi masa shi ne ƙara wa ma'aikatan aiki don kada a sallame su. Mutumin da ya iya bin mara lafiya wata shida har ya gama shan ƙwayoyi, shi ne daidai wanda ake buƙata a yaƙi da tarin fuka, wanda Pakistan ke cikin ƙasashen da ya fi addaba. Wanda ya saba duba idon kuturu kuma ana iya koya masa gane yanar ido da amosanin ido. Haka cibiyoyin suka koma na kuturta da tarin fuka da kare makanta, daga baya aka ƙara kula da naƙasassu a cikin unguwanninsu. Wannan na ƙarshe ya zama dole, domin wanda ya warke amma ba yatsu, in ba a sama masa takalmin da ba ya ji wa ƙafa ciwo ba, da jari, da kuɗin makarantar 'ya'yansa, bara zai koma. Da aka yi ambaliyar 2010 wadda ta mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, wannan tawaga ce ta fita kai agaji a Sindh, ita kanta tana da shekara 80 da ɗoriya.

Ta kuma yi abin da masu kafa ƙungiyoyi ke jin nauyin yi: ta sauka tun tana da rai. Ta miƙa ragamar cibiyar ga 'yan ƙasa, ƙarƙashin Mervyn Lobo wanda ya daɗe yana bin ta tafiye-tafiye, ta ci gaba da zama a ɗaki ɗaya cikin asibitin tana duba marasa lafiya. Ta sami lambar Ramon Magsaysay a 2002, bayan manyan lambobin Pakistan irin su Hilal-e-Imtiaz da Hilal-e-Pakistan. Ta rasu a asibitin Jami'ar Aga Khan da ke Karachi ranar 10 ga Agusta, 2017, saura wata ɗaya ta cika 88. Ranar 19 ga watan gwamnati ta yi mata jana'izar ƙasa: sojoji suka ɗauki akwatin gawarta lulluɓe da tutar Pakistan daga majami'ar Saint Patrick, shugaban ƙasa Mamnoon Hussain da babban hafsan soja suka halarta, aka binne ta a maƙabartar Kiristoci ta Gora Qabristan. Gwamnatin Sindh ta sa wa babban asibitin gwamnati na Karachi sunanta, babban bankin ƙasar kuma ya buga tsabar rupee 50, kuɗin ƙasar, mai hotonta.

Matsalar da ta bar wa magadanta ta bambanta da wadda ta tarar. Har yanzu ana gano ɗaruruwan sababbin masu kuturta a Pakistan kowace shekara, kuma tunda ƙwayar na iya kwanciya shekara ashirin, za a ci gaba da ganinsu. Ma'aikatan da ta horar a shekarun 1970 da 1980 suna ta ritaya. Matashin likita na iya gama karatu bai taɓa ganin tabon kuturta ba, sai ya ɗauka makero ne ya rubuta man shafawa, mara lafiya ya yi shekara biyu yana yawo tsakanin asibitoci har yatsunsa su ƙandare. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba mutanen gidan mai cutar da maƙwabtansa rifampicin sau ɗaya don rigakafi. Kafin a yi haka kuwa, sai mara lafiya ya yarda a sanar da mutanen gidansa abin da yake ɗauke da shi, sai kuma an sami ma'aikacin da zai je ƙauyen, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunayensu, ya koma baɗi ya sake dubawa.